Jawabi Ga Masu Sayar Da Abinci A Kudancin Kaduna: A Faɗi Abin Da Ke Cikin Tukunya

 

Wannan jawabi na masu sana'ar abinci ne. Ya shafi uwar ɗaki mai tukunya, da yarinyar da ke zuba wa mutane, da yaro mai wanke kwanuka, da mai tsire, da mai shayi. Ya shafi mutanen karkara ma, domin da yawa daga cikin yaran da ke aiki a rumfunan abinci na ƙetaren kogin Kaduna daga ƙauye suka zo.

Unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa sun daɗe suna ciyar da ma'aikata. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar mai kuma a 1980. Mutane suka taru daga ko'ina, kowa ya zo da irin miyarsa. Yawancin masaƙun sun rufe, amma tukwane ba su sauka ba. A Kasuwar Monday, da tashar Television, da Barnawa, da Sabon Tasha, mutum zai sami tuwo da miyar taushe a nan, sakwara da agushi a can, faten acca a gaba. Bahaushe yana cin girkin Bayarabiya, Inyamuri yana cin tsiren Bahaushe, ɗan Bajju yana cin masar Bagwariya. Abin sha'awa ne. Sai dai mai ci bai san abin da aka zuba a tukunyar ba. Mai girki kaɗai ta sani.

To, akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da wani abinci. Hausawa sun san ƙaramin wannan ciwo, suna ce masa borin jini. Likitoci suna ce masa alaji. Yadda abin yake shi ne, Allah Ya sa wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙi da cututtuka. A jikin wasu mutane, garkuwar nan takan yi kuskure. Sai ta ɗauki gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai a matsayin maƙiyi, ta tayar da yaƙi. Yaƙin ne ke cutar da mai jikin. Abincin lafiyarsa lau, mutum ashirin za su ci su tashi garau, mutum ɗaya ya faɗi.

Alamun sukan fito da wuri, daga 'yan mintoci zuwa kamar awa 2 bayan cin abincin. Baki ya fara ƙaiƙayi. Fata ta yi ruɗu-ruɗu. Leɓe ko ido ya kumbura. Wani ya yi amai ko ciwon ciki. Sau da yawa a nan abin yake tsayawa. Amma akwai mai tsanani, wanda harshe da maƙogwaro ke kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jiri ya kwashi mutum ya suma. Wannan yana kisa cikin ƙasa da awa guda. Kuma wanda ya yi ƙaiƙayi kawai bara, ba shi da tabbacin cewa bana ma a ƙaiƙayi zai tsaya.

Abincin da suka fi jawo haka sanannu ne: gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, jatan lande, alkama, waken soya, da 'ya'yan itace irin su yazawa. Waɗannan 9 su ne doka ta tilasta a rubuta a jikin kayan abinci a Amurka. Riɗi ne na ƙarshen shiga, a 2023. Duk wanda ya duba zai ga babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Duka suna nan a rumfunan Kaduna.

A ɗauki gyaɗa, domin ita ce ta fi iya ɓuya. Kowa ya san tana cikin miyar gyaɗa da kunun gyaɗa. Amma tana cikin miyar taushe. Ana zuba ta a fate. Ƙuli-ƙulin da ake kwaɗa zogale ko rama da shi, gyaɗa ce. Garin da mai tsire ke barbaɗa wa nama kafin ya kafa shi a bakin wuta, ƙuli-ƙuli ne aka daka da yaji. Labun kilishi, gyaɗa. Man ƙuli da mata ke matsewa a gida, wanda ake soya ƙosai da masa da shi, yana ɗauke da abin da ke tayar da ciwon. Baƙon da ya zo daga Legas ko Inugu yana iya sanin gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ya ƙi sayen soyayyar gyaɗa a kwalba, ya tsallaka titi ya sayi tsire, domin a ganinsa nama ne da barkono kawai.

Haka shi ma mutumin ƙauye da ya shigo Sabon Tasha ya zauna cin teba da agushi. Bai ga kifi a kwano ba. Bai san an daka kirefish, wato ƙananan jatan lande busassu, an zuba a miyar ba. Riɗi kuwa yana cikin kantu da miyar riɗi. Waken soya shi ne awara, kuma ana yin wata daddawa da shi. Alkama tana cikin burodi, da taliya, da fanke, da funkaso. Ƙwai yana shiga kek da cincin ba a ganin sa.

Akwai kuskure guda biyu da suka yi yawa a tsakanin masu abinci. Na farko, a ce ai an dafa, wuta ta kashe komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe wannan. Gyaɗa ko an soya ta, ko an gasa ta, ko ta wuni tana tafasa, tana nan da ƙarfinta ga wanda jikinsa ya ƙi ta. Na biyu, a ce ai ɗan kaɗan ne. Ga wasu masu ciwon, abin da ya maƙale a bakin ludayi ya isa. Yarinya ta kwashi miyar taushe da ludayi, ta tsoma shi a miyar kuka, to miyar kuka ta zama ta gyaɗa. Mai tsire ya yanka tsire da wuƙa, ya yanka balangu da ita a kan katako guda, balangun ya ɗauka. An soya kifi a kasko, an soya doya a man, doyar ta ɗauka. Tsame kifi daga miya a miƙa wa mutum sauran ba ya raba miyar da kifi. Goge cokali da tsumma ma bai isa ba, sai an wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a wanke hannu kuma.

Yanzu a zo kan babbar maganar. Mutum ya zauna a benci ya ce, “Mama, akwai gyaɗa a miyar nan? Jikina ba ya so.” Rana ta yi tsaka, layi ya yi tsawo, uwar ɗaki tana can baya wajen murhu. Yarinyar da ke zubawa ba ita ta yi girkin ba. Ba ta so ciniki ya wuce, ba ta so a ce ba ta san aikinta ba. Sai ta ce, “Babu, Baba, ci abinka.” Wannan “babu” ita ce ke kashe mutane. Abin da ya kamata ta ce shi ne, “Baba, ban sani ba, bari in tambayo Hajiya.” Idan Hajiya ma ba ta da tabbaci, misali yajin a kasuwa ta saye shi a ƙulle, sai ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya ba ka tabbaci ba. Gara ka ci wani abu.” Kuɗin kwano ɗaya ne ya tafi. Kuma irin wannan mai saye, in ya sami wurin da ake gaya masa gaskiya, ba ya ƙara zuwa ko'ina.

Uwar ɗaki ita ce za ta buɗe wa yaranta wannan ƙofa. Yarinyar da ake yi wa tsawa in ta yi tambaya, gobe ba za ta tambaya ba, za ta yi ƙarya ne. Kada kuma a yi wa mai tambayar dariya, a ce iyayi ne ko tsirfar 'yan boko. Mutum ba ya jin daɗin tona ciwonsa a gaban jama'a sai dole.

A arewacin Ingila an taɓa yin wata shari'a da ta dace a ji. A watan Janairu na 2014, wani mutum ɗan shekara 38 ya sayi abinci a wani gidan abinci. Ya faɗa musu gyaɗa ba ta karɓe shi ba, har aka rubuta haka a murfin mazubin. Ya kai gida, ya ci, ya mutu. Bincike ya nuna mai gidan abincin ya daina sayen garin wani ɗan itace mai tsada da ake kira almon, ya koma wani gari mai araha da ke da gyaɗa, bai kuma sanar da masu saye ba, alhali an riga an gargaɗe shi. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 6. A wannan shekarar ce kuma wata yarinya 'yar shekara 15 ta sayi burodi a filin jirgin sama na Landan. An cuɗa riɗi a cikin ƙullun, ba a rubuta a takardar ba. Ciwon ya kama ta a cikin jirgi, ta rasu. Iyayenta suka dage har aka yi doka, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2021, cewa duk abincin da shago ya naɗe da kansa ya ajiye don sayarwa, sai an rubuta duk abin da ke ciki. Abin lura a shari'ar farko shi ne canjin kaya. Mai abinci a Kakuri ma takan canza mai ko yaji in kaya sun yi tsada. Babu laifi a canji. Ranar da aka canza, a gaya wa yaran rumfa.

Idan abin ya faru a rumfa fa? Allah Ya kiyaye, amma a sani. Da an ga leɓe ko harshe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko mutum na neman suma, to maganar asibiti ce nan take. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama. In numfashi ne ya fi damun sa, a bar shi ya zauna ya jingina. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya da ƙafa zuwa bakin titi, a ɗauke shi. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Maƙogwaron da ya kumbura ba ya haɗiya, abin da aka ɗura huhu zai tafi.

Maganin mai tsanani ita ce allurar adirenalin, wadda ake yi a cinya. Wasu masu ciwon suna yawo da tasu a jaka. In yana da ita, a taimaka masa ya yi, sannan a wuce asibiti duk da haka. Ƙwayar Piriton da ake saya a kemis tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe maƙogwaro, saboda haka kada a tsaya jiran ta yi aiki. Asibitin da ya fi kusa za a nufa. Mutanen Kakuri da kewaye suna da Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard. Ba lokacin tsallaka gada zuwa cikin gari ba ne, ana fama da cunkoson motoci. Wani daga rumfar ya bi su, ya faɗa wa likita abin da mutumin ya ci da abin da aka zuba a ciki. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa, domin ciwon yakan lafa ya sake dawowa bayan wasu awoyi.

Wannan sani yana kare mai abinci ita ma. In mutum ya faɗi da kwano a hannu, abin da bakin jama'a zai fara faɗa shi ne an sa masa guba, ko an yi masa sammu. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, rumfar da aka yi shekara goma ana ginawa ta mutu. Ga yadda ake bambancewa. Abincin da ya lalace yakan kama mutane da yawa da suka ci tare, da amai da gudawa, galibi bayan awoyi. Borin jini kuwa mutum ɗaya yake kamawa, da sauri, tare da ƙaiƙayi da kumburi. Wanda nono ke sa wa kumburin ciki da gudawa kawai, nasa daban ne, yana da wahala amma ba ya toshe numfashi.

Kada iyaye mata su ji wannan su hana yara kunun gyaɗa. Yawancin mutane ba su da wannan ciwo, kuma gyaɗa tana gina jiki. Wani bincike da aka yi a Ingila, wanda aka bayyana a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai abincin gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da ciwon. Yaron da aka ga ya kumbura bayan ya ci, shi za a kai wa likita.

Waɗanda suka shiga ajin yaƙi da jahilci suna da aiki a nan. Kayan gwangwani da na leda da ke da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, ana rubuta abin da aka haɗa su da shi a jikinsu. Mai karatu ta duba kafin ta zuba a tukunya. Sannan a sami allo ko kwali a rataya kusa da tukwane. A rubuta sunan kowace miya da manyan baƙaƙe, a gabanta a rubuta abin da ke ciki: TAUSHE, GYAƊA. AGUSHI, KIREFISH. TSIRE, ƘULI-ƘULI. Tun da ba duk mai saye a kudancin Kaduna ke karanta Hausa ba, a sa wani ɗan makaranta ya ƙara da Turanci a gefe. A ƙasan allon a rubuta lambar wayar direban da ke kusa, wanda zai zo ko da dare ne.