Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayen ƙasa, malamai, da ku 'ya'yana ma'aikata.

Na shekara 35 ina riƙe da alli. Da na ajiye aiki, sai da na yi wata 11 kafin fanshona ya fara fitowa. Abin da ya rufa mini asiri a wannan tsakani shi ne gonar da na saya da kwasar adashe, da tumakin uwargida. Abokan aikina da suka dogara ga albashi kaɗai kuwa sun ji jiki.

Naku zamanin ya fi namu tsanani. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kasuwa ta lashe ƙarin.

Saboda haka, ranar da albashi ya shigo, ku fara ware na ajiya, komai ƙanƙantarsa, kafin cefane da gudummawar biki. Ku guji bashin waya mai ruwa. Masu bin dokar fansho ta 2014, ana cire muku kashi 8 cikin ɗari, wurin aikinku ya ƙara kashi 10. Ku riƙa dubawa ko kuɗin suna shiga asusunku.

Ƙarfi ba ya dawwama, ɗawainiya kuwa ƙaruwa take yi. Allah Ya sa albarka a guminku.