Wa ke da bakin magana a kan gona? Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Kafin alƙali ya saurari ƙararka, tambayarsa ta farko ita ce: mine ne naka a cikin wannan al'amari? In hukuncin ba zai ƙare ka da komi ba, ba zai rage ka ba, doka ta ce ba ruwanka, ko da gaskiya na gefen wanda kake tausayi.

Mu ɗauki gona. Magaji, da mai aro, da wanda ya karɓi jingina, kowa na da haƙƙi, amma ba iri ɗaya ba. Ɗan kasuwar da ya ba da jika ɗari jingina yana noma har a maido masa kuɗinsa. Ko ya shekara 20 a ciki, ba ya da ikon sayarwa. Da yawanku, ma'aikata, nan kuke faɗawa: ku sayi gona hannun mai riƙo, ranar da magada suka taso ku rasa abin nunawa.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da na takarda. Saboda haka kafin ku biya, ku tambayi mai gari asalin gonar, sannan hukumar filaye ta rubuta cinikin gaban shaidu.