Faɗuwar Mulkin Mulaka'u a Faransa da Darasin da Ke Cikinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda sarautarSa ce kaɗai ba ta da ranar ƙarewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Maudu'in da za mu tattauna a kansa shi ne yadda mulkin mulaka'u ya rushe a Turai, musamman a Faransa, da yadda ra'ayoyin juyin juya hali suka maye gurbinsa. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mu da labarin sarakunan Turawa? Amsar ita ce, kalmomin da ake cika mana kunne da su, irin su jamhuriya da tsarin mulki da 'yancin ɗan Adam da raba addini da gwamnati, a wannan tukunyar aka dafa su har suka sami ma'anar da muka san su da ita. Wanda kuwa bai san asalin abu ba, ba zai iya yi masa hukunci na adalci ba.

Sarkin da Babu Mai Ce Masa Bari

Abin da ake nufi da mulkin mulaka'u shi ne sarki ya zama shi ke da wuƙa, shi ke da nama: shi ke yin doka, shi ke sanya haraji, shi ke ɗaura yaƙi, kuma babu wata majalisa ko kotu da ta isa ta ce masa bari. Babban misalin wannan shi ne Sarki Luwis na 14 na Faransa, wanda ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara 4, ya kuma zauna a kai shekara 72, har zuwa 1715. Da wazirinsa ya mutu a 1661, sai ya shelanta cewa ba zai naɗa wani ba, shi da kansa zai riƙe komai. A 1682 ya mayar da fada zuwa Farsai, kimanin kilomita 20 daga birnin Faris, ya tattara manyan 'ya'yan sarauta a can, ya mayar da su fadawa masu gasar wanda zai miƙa masa riga da safe. Ƙasar tana da tsohuwar majalisa ta rukunoni uku, wato malaman coci da 'ya'yan sarauta da talakawa, amma rabon da a kira ta tun 1614. Haka nan akwai wata takarda mai hatimin sarki, wadda idan ta fito da sunan mutum sai kurkuku, ba tuhuma, ba shari'a.

To, irin wannan mulki ba ya tsayuwa da takobi kaɗai, dole sai ya sami masu sanya masa rigar addini. Shahararren malamin coci na fadar, Bishof Bosuwe, wanda shi ne ya karantar da ɗan sarki, ya koyar da cewa ikon sarki daga Allah yake kai tsaye, babu ɗan Adam ɗin da ke da hurumin tuhumarsa, kuma ko ya yi zalunci abin da ya rage wa talaka shi ne magiya da addu'a. Ita kuma fada ta biya ladan wannan fatawa. A 1685 Luwis ya soke dokar 1598 wadda ta bai wa 'yan ɗarikar Furotesta damar yin addininsu, har kimanin mutum dubu 200 daga cikinsu suka tsere daga ƙasar. Fada ta kare coci, coci ya wanke fada.

Gargaɗi Daga Maƙwabta

Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, amma Faransa ba ta shafa wa nata ruwa ba. A Ingila, Sarki Cals na 1 ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da majalisa ba, daga 1629 zuwa 1640, abin ya kai ga yaƙin basasa a 1642, aka kuma fille masa kai a bainar jama'a a 1649. A 1688 ɗansa Jemis na 2 ya gudu ya bar gado, sai majalisa ta kafa doka a 1689 cewa sarki ba shi da ikon sanya haraji ko dakatar da doka sai da yardarta. Ku lura, 'yan'uwa: sarautar da ta karɓi linzami tana nan a Ingila har yau, wadda ta ƙi shi kuwa ta zama tarihi.

A wannan lokaci ne Jon Lok ya yi rubutu cewa mulki amana ce da jama'a suka bayar, wanda ya ci amanar kuwa suna da ikon karɓe ta. Masanan Faransa suka ɗauki wannan zare suka ci gaba da saƙa. A 1748 Montaskiyo ya kawo hujjar cewa kada ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a su taru a hannu guda. A 1762 Ruso ya ce ikon ƙoli na jama'a ne, ba na wani gida ba. Foltiya kuwa, wanda shi kansa ya ɗanɗani kurkukun Bastil, ya mayar da alƙalaminsa bulala a kan coci da kotunan zamanin. An haramta wasu littattafan, an ƙona wasu, amma sai aka riƙa buga su a Holan da Suwizalan ana shigo da su a ɓoye.

Yadda Tulun ya Fashe

Sai dai littafi shi kaɗai ba ya kayar da sarki. Abin da ya mayar da ra'ayoyin masana zancen kasuwa shi ne bashi da yunwa. Faransa ta yi yaƙin shekara bakwai daga 1756 zuwa 1763, ta yi hasarar Kanada. A 1778 ta sake shiga yaƙi don ta taimaki Amurkawa su kuɓuta daga Ingila, da kuɗin rance. Zuwa 1788, kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa a biyan bashi yake tafiya.

Wa zai biya? Mutanen ƙasar sun kai kimanin miliyan 28. Coci, wanda malamansa ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, yana riƙe da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar noma, yana karɓar ushiri daga amfanin gonar manomi, amma abin da yake bai wa baitulmali kyauta ce wadda shi ke yanke adadinta. 'Ya'yan sarauta an ɗauke masu babban harajin ƙasa. Manomi kuwa shi ne jakin kowa: haraji ga sarki, harajin gishiri, ushiri ga coci, kuɗin gona ga ubangidansa, ga kuma aikin tilas na gyaran hanya.

Luwis na 16, wanda ya hau gado a 1774, ba mai son zubar da jini ba ne, rauni ne ya yi masa yawa. A 1776 ministansa Turgo ya soke aikin tilas, sai masu gata suka taso masa, sarki ya sallame shi, aka mayar da aikin tilas a cikin shekarar. A 1787 aka tara manyan ƙasa aka roƙe su su yarda da harajin da zai hau kan kowa, suka ƙi. A 1788 ƙanƙara ta lalata amfanin gona, sanyi mai tsanani ya biyo baya, har lebura a Faris ya koma yana ƙarar da mafi yawan ladansa a kan burodi.

Da dabara ta ƙare, sai sarki ya kira majalisar nan ta rukunoni uku, ta zauna ran 5 ga Mayu 1789, bayan shekara 175. A bisa tsohuwar al'ada kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, ke nan kullum biyu za su rinjayi ɗaya. Wakilan talakawa suka ƙi, suka ce a ƙirga kawuna. Ran 17 ga Yuni suka ayyana kansu Majalisar Ƙasa, bayan kwana uku kuma suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta tsarin mulki. Ran 14 ga Yuli jama'ar Faris suka fasa Bastil, inda suka tarar da fursunoni 7 kacal. A watan Agusta aka soke gatan haihuwa, aka yi shelar 'yancin ɗan Adam. A 1791 aka kama sarki yana ƙoƙarin tserewa, a 1792 aka ayyana jamhuriya, ran 21 ga Janairu 1793 aka fille masa kai.

Ladan Malaman Fada

Adalci ya sa mu faɗi cewa ƙananan limaman ƙauye, waɗanda suka san yunwar mutanensu, suna cikin na farko da suka koma gefen talakawa a Yunin 1789. Amma manyan bishof-bishof kusan dukkansu 'ya'yan sarauta ne, kuma jama'a sun daɗe suna ganin coci da fada a inuwa ɗaya. Saboda haka da guguwa ta taso ba ta tantance ba. A Nuwamban 1789 aka ƙwace dukiyar coci. A 1790 aka mayar da limamai ma'aikatan gwamnati, aka tilasta masu rantsuwar biyayya. A 1793 aka rufe majami'u da dama, aka sauya kalanda, mako ya koma kwana 10 babu Lahadi a cikinsa, aka kuma yi bikin ɗaukaka hankali a cikin babban cocin Faris. Wannan gaba ita ce ta ja har zuwa dokar 1905 wadda ta raba coci da gwamnati. Saboda haka idan kun ji Bafaranshe yana ƙyamar addini ya kusanci mulki, ku san cewa tabon tarihinsa ne yake sosawa.

Cuta ta Sauya Gida

Shin da sarki ya tafi, zalunci ya tafi? Tsakanin 1793 da 1794 iko ya koma hannun wani kwamiti na mutum 12, wanda Robesfiya ya fi kowa faɗa a ji a cikinsa. Aka yi dokar kama duk wanda ake zargi, daga baya aka hana wanda ake tuhuma samun lauya. Kimanin mutum dubu 17 aka yanke wa hukuncin kisa, ban da sama da dubu 100 da suka halaka a yaƙin da aka yi da manoman yankin Bande a yammacin ƙasar. Takardar sarki mai hatimi ta dawo ke nan da sunan jama'a. A Yulin 1794 shi ma Robesfiya na'urar fille kan nan ta ci shi.

A 1799 wani janar, Napoliyon, ya ƙwace mulki, a 1804 kuma ya ɗora wa kansa kambin sarkin sarakuna a cikin cocin nan da aka yi bikin hankali. Zuwa 1811 jaridu 4 kaɗai ya bari a Faris. Wannan janar ɗin ne ya mamaye Masar a 1798, kuma da mutanen Alƙahira suka yi bore sojojinsa suka yi wa unguwar Azhar ruwan wuta, suka shiga masallacin da dawaki. Shi ne kuma ya maido da bauta a 1802 bayan an soke ta a 1794, sai da baƙaƙen Hayiti suka ƙwaci 'yancinsu da jininsu a 1804.

Duk da haka mulkin mulaka'u na gado bai sake miƙewa a Faransa ba. Da gidan sarauta ya dawo a 1814, da rubutaccen tsarin mulki ya dawo. Da Sarki Cals na 10 ya nemi rufe bakin jaridu da rushe majalisa a 1830, cikin kwana uku aka tuntsurar da shi. Daidaita mutane a gaban doka da ɗora haraji a kan kowa alheri ne da juyin ya bari, kuma ba ma tauye masa wannan.

Abin Lura

'Yan'uwa, idan muka tattara wannan tarihi za mu ga cuta ɗaya ce tun daga Luwis na 14 har zuwa Napoliyon, wato iko a hannun wanda babu mai ce masa bari. Sarki ya ce da sunan Allah yake yi, kwamiti ya ce da sunan jama'a, janar ya ce da sunan ƙasa, amma talaka wuƙar da ya gani iri ɗaya ce. Saboda haka duk mai kiran gyara, kafin a tambaye shi wa zai kawar, a fara tambayarsa wa zai taka masa burki idan shi ya hau.

Mu Musulmi ba mu da uzuri a kan wannan, domin a addininmu babu wanda ke sama da Shari'a. Halifa Abubakar (RA), a huɗubarsa ta farko, ya nemi jama'a su miƙar da shi idan ya karkace, ya kuma ɗaure biyayyarsu gare shi da tasa biyayyar ga Allah da ManzonSa. Amma kada mu ruɗi kanmu, tarihinmu ma ya ga azzaluman sarakuna da malaman da suka yi masu fatawa. Abin da ya tsare martabar addini a idon talakawa shi ne irin su Imamu Ahmad ɗan Hambali, wanda ya sha bulala da ɗauri a zamanin Halifa Mu'utasim amma ya ƙi faɗin abin da fada take so.

Nasihata ga masu mulki ita ce, mai faɗa maku gaskiya shi ne mai tsare maku kujera, kuma gyaran da aka ƙi yi da lalama a 1776 da 1787 shi ne aka yi da jini a 1793. Ga malamai kuwa, ku sani duk ranar da talaka ya ga rawaninku yana yi wa zalunci inuwa, to idan ya tashi jifa ba zai ware rawanin ba, addinin da kuke wakilta kuma shi zai kwana a ciki. Ga matasa masu zafin neman canji, ku yi ilimi kafin ku yi yunƙuri, kada ku rushe gidan azzalumi ku gina irinsa a kan kufansa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin nasiha, da malamai masu faɗinta, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.