Maganin Gargajiya na Ƙasar Sin da Zogin Jijiya ga Masu Ciwon Sukari

Jama'a, idan ciwon sukari ya daɗe a jikin mutum, yawan sukarin da ke cikin jini yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin fata da ƙwaƙwalwa. Abin yakan soma ne daga yatsun ƙafa. Mutum ya ji zuga kamar an zuba masa barkono, ko suka kamar ta allura, musamman da dare. Kusan rabin masu wannan ciwo suna gamuwa da lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Wanda zogi ya hana shi barci kuwa, duk maganin da aka tallata masa zai saya, har da ƙunshin saiwoyi da ƙwayoyin da ake shigowa da su daga ƙasar Sin.

Ba a raina ilmin Sinawa a wannan fanni. Tun zamanin da suka san ciwon, suna kiransa xiaoke, watau ƙishirwa mai ramar da jiki. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani masanin magani mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta wani haɗi domin mutuwar jiki da rashin ji a fata, wanda har yau likitocin gargajiya na can suke ba masu zogin jijiya. Abubuwa 5 ne a cikinsa: saiwar huangqi, da rassan kirfa, da saiwar wani fure mai suna shaoyao, da ɗanyar citta, da 'ya'yan wata bishiya 'yar'uwar magarya. Har wa yau, daga wani tsiro na Sin ne Tu Youyou da abokan aikinta suka tace artemisinin a 1972, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a Nijeriya yanzu.

Amma shi artemisinin sai da aka gwada shi gwaji mai tsanani kafin duniya ta karɓe shi. Magungunan zogin jijiya ba su kai wannan matsayi ba. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tantance binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 3,639, da magunguna iri 38. Dukkansu a Sin aka yi su. Da yawa sun ba da labarin samun sauƙi, sai dai an iske tsarinsu da rauni ƙwarai, kuma akasarinsu ba su faɗi kome ba game da illa. Masu dubawar suka yanke cewa babu hujjar da ta isa a umurci majinyaci ya sha.

Batun illa shi ne abin tsoro, domin ciwon sukari da ma yana taɓa ƙoda. A ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba wanda aka yi kuskuren sa saiwar Aristolochia a ciki. Akwai kuma ƙwayar Xiaoke Wan, wadda ke ɗauke da maganin asibiti mai suna glibenclamide tare da saiwoyi. Wanda ya haɗa ta da ƙwayoyin da likita ya ba shi, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

Saboda haka lalle ne duk mai niyyar shan irin wannan magani ya kai kwalbar wurin likitansa tukuna, kada kuma ya bar maganin asibiti. Ya duba lambar hukumar NAFDAC a jiki, amma ya sani lambar da ake ba maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. A asibiti akwai magungunan da aka tabbatar suna rage wannan zogi, kamar amitriptyline da pregabalin, ga kuma babban aiki, watau daidaita sukarin jini.

Wani lokaci zogin yakan lafa da kansa, mutum ya zaci maganin da ya sha ne ya yi aiki, alhali jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Irin wannan ƙafa tana taka ƙaya ko garwashi ba ta ji ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wajibi ne mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, ya daina tafiya ba takalmi, ya girgiza takalmin kafin ya sa, in ya ga rauni kome ƙanƙantarsa ya tafi asibiti a ranar.