Aikin Mai Tsaron Gida: Labarin Kasali Dauda

 

Yau hirarmu a kan tamola take. In an shiga fili, kowane gefe yana da mutum 11. Goma suna gudu, suna bin ƙwallo. Guda yana tsaye can baya, shi kaɗai, rigarsa daban da ta sauran. Shi ne mai tsaron gida, wanda yara ke ce wa gola. Akwai mutanen da wannan tsayuwa ita ce sana'arsu. Da ita suke ci, da ita suke ciyar da iyalinsu. Za mu duba yadda sana'ar take, sannan mu bi labarin wani ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana yin ta, wato Kasali Dauda.

Da farko mu san gidan da ake tsaro. Faɗinsa mita 7 da santimita 32. Tsawonsa daga ƙasa zuwa sandar sama mita 2 da santimita 44. Ku gwada a tsakar gida. Magidanci ya miƙe hannuwansa biyu, da ƙyar ya kai mita 2. Ke nan sai maza huɗu sun jeru, hannu da hannu, kafin su rufe bakin ragar. To, wurin mutum huɗu ne aka ba mutum guda.

Shi kaɗai doka ta yarda ya taɓa ƙwallo da hannu. Amma ba ko'ina ba, sai cikin da'irarsa, wadda ta fito mita 16 da rabi daga bakin raga. In ya wuce layin, ya zama kamar kowa. Kuma doka tana ta ƙara matsa shi. Tun shekarar 1992, in ɗan gefensu ya turo masa ƙwallo da ƙafa da gangan, ba shi da izinin kamawa da hannu. Dole shi ma ya iya wasa da ƙafa. A shekarar 2025 aka ƙara wata: in ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, alƙalin wasa zai ba abokan gaba bugun kusurwa.

Akwai kuma fenariti, wato bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana ajiye ƙwallo mita 11 daga raga. In an buga da ƙarfi, wajen rabin daƙiƙa ya isa ya shiga. Mai tsaron gida ba shi da lokacin tunani. Yana kallon ƙafar mai bugu, yana kallon kafaɗarsa, sai ya zaɓi gefe ya faɗi.

Amma wahalar wannan sana'a ba duka a jiki take ba. Tana cikin irin lissafin da jama'a ke yi. Ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo biyar, ya ci ɗaya, sai a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron gida ya tare biyar, ɗaya ta kuɓuce masa, sai a kwana ana zaginsa. Kuskuren ɗan tsakiya, na baya zai gyara. Kuskuren na baya, mai tsaron gida zai gyara. Shi kuwa, ba kowa a bayansa sai raga.

Ga wani abu kuma. Gurbinsa guda ne tak. Ƙungiya takan riƙe masu tsaron gida uku, amma ɗaya ne ke shiga. Ba a cika canza shi a tsakiyar wasa ba. Sauran biyun suna zaune a benci, wani lokaci shekara guda cur, suna jiran ranar da na farko zai ji ciwo ko ya yi kuskure. Shi ma na farkon ya san suna jira.

Yanzu mu zo ga Kasali Dauda. An haife shi a Doso a shekarar 1983. Ya yi suna a Yamai, a ƙungiyar Sahel, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasarmu. Daga nan ya ƙetara zuwa Kamaru, garin Garwa, wurin ƙungiyar Coton Sport. Ƙungiya ce ta kamfanin auduga na arewacin Kamaru, shi ya sa sunanta ke nufin kaɗa. Garwa kuwa ba baƙon wuri ba ne ga mutanenmu. Akwai Fulani, akwai Hausawa, ana jin Hausa a kasuwa.

Kada ku ɗauka samun wannan gurbi ƙaramin abu ne. Kamaru ƙasar masu tsaron gida ce. Can aka haifi Tomas Nkono, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka har sau biyu, a 1979 da 1982. Can aka haifi Jozef Antuwan Bel, abokin hamayyarsa. Ƙasar da ta haifi irin waɗannan, a ce babbar ƙungiyarta ta miƙa ragarta ga baƙo daga Nijar, lalle ta ga wani abu a hannunsa.

A shekarar 2008 Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka. Ta gamu da Al Ahli ta Masar. A Alƙahira aka ci su 2 da nema. A Garwa aka tashi 2 da 2. Kofi ya tafi Masar. Duk da haka, kaiwa wannan matsayi abu ne da ƴan wasan ƙasarmu kaɗan suka taɓa gani.

A shekarun nan ne kuma Kasali ya zama babban mai tsaron gidan Mena, ƙungiyar ƙasa. Har zuwa lokacin, Nijar ba ta taɓa zuwa gasar kofin ƙasashen Afirka ba. Da aka raba rukuni don neman zuwa gasar 2012, sai muka faɗa tare da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar kuwa ita ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ba wanda ya sa Nijar a lissafi.

A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai, filin Janar Seyni Kunce. Musa Maazu ya ci ƙwallo ɗaya. Aka tashi 1 da nema. Kowa ya riƙe sunan Maazu, kuma ya cancanta. Amma ku lura, ƙwallo ɗaya ba ya zama nasara sai in ragarku ba ta sha ko ɗaya ba. Mena ta ci Saliyo 3 da 1 a Yamai, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1. Wasanni uku na waje kuwa, duka an ci ta.

Ranar ƙarshe, a watan Oktoba na 2011, abin dariya ya faru. Masar ta ci Nijar 3 da nema. Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo, ba ci. Sai ƴan Afirka ta Kudu suka ɗauka kunnen doki ya ishe su. Suka riƙa jan lokaci. Da aka tashi, suka hau rawa a fili, har da mai tsaron gidansu. Ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka tashi da maki 9. Doka ta ce a irin haka, a duba wasannin da su ukun suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar na da 6, sauran biyun kowa 5. Masu rawa suka zauna gida, Mena ta tafi, a ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula.

Gasar 2012, a Gabon, ba ta yi daɗi ba. Gabon ta ci mu 2 da nema, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. Aka dawo ba maki ko ɗaya. Amma kafin shekara ta zagayo Mena ta sake samun hanya. Gine ta ci ta 1 da nema a Konakiri, ita kuma ta rama 2 da nema a Yamai. Sai gasar 2013, a Afirka ta Kudu. A nan nake so ku kasa kunne sosai.

Ranar 20 ga Janairu 2013, a birnin Port Elizabet, Mena ta gamu da Mali. Mali tana da manyan ƴan wasa masu aiki a Turai da sauran ƙasashe. Kyaftin ɗinsu Saidu Keita ne, wanda ya yi shekara huɗu a Barcelona. Aka yi minti 45, ba ci. Aka dawo hutu, aka yi ta fafatawa, ba ci. Aka wuce minti 80. Maki na farko a tarihin ƙasarmu ya kusa shiga hannu.

Sai a wajen minti na 84 aka kwaso ƙwallo ta sama daga gefe.

Bari in bayyana muku irin wannan ƙwallo, don shi ne mafi wuya a aikin mai tsaron gida. Ƙwallo yana tafe a sama, yana lanƙwasa. A gaban raga mutane sun cunkushe, ana ture-ture. Mai tsaron gida yana da zaɓi uku. Ko ya tsaya a layinsa ya jira. Ko ya fito ya naushe ƙwallon da dunƙulen hannu, ya kore shi nesa. Ko ya fito ya cafke. Cafkewa ta fi kyau, don ita ke kashe harin gaba ɗaya. Ita ce kuma ta fi haɗari. In ka fito, ka bar raga a buɗe. In ƙwallon ya zame, ya faɗi a gaban ƙafar abokin gaba.

Kasali ya fito. Ƙwallon bai zauna a hannunsa ba. Ya faɗi, Saidu Keita yana kusa, ya tura shi raga. Mali 1, Nijar ba ko ɗaya. Haka aka tashi.

Kuskure ne, ba mai musu. Duniya ta gani a talabijin, jaridu suka rubuta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya bar mai bugun ya kwaso ƙwallon a natse? Wa ya bar Keita ba mai riƙe da shi? Ƴan gaba da suka yi minti 90 ba su ci ko ɗaya ba fa? Waɗannan tambayoyi ba a cika yin su ba a majalisar shayi. Suna guda ake kira.

Wasa na biyu yana nan bayan kwana huɗu. A irin wannan hali, mai horarwa yana da hanya mai sauƙi: ya ajiye wanda ya yi kuskure, ya sa na benci, bakin jama'a ya mutu. Mai horar da Mena a lokacin Bajamushe ne, Gernot Rohr. Bai bi wannan hanya ba. Ya bar Kasali a raga. A ganina ya yi daidai, ko da wasan bai zo da kyau ba. Mai tsaron gidan da ya san kuskure guda zai kore shi, ba zai ƙara fitowa ya cafki ƙwallo ba. Zai manne a layi, yana tsoro. Wanda ke tsoro kuwa ya fi shan ƙwallo.

Ranar 24 ga Janairu, a fili guda, aka gamu da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ɗan gabansu Mbokani ne, ƙaƙƙarfan mutum, mai cin ƙwallaye a ƙasar Beljiyam. Mbokani ya samu dama a kusa da raga, irin wadda ba a cika ɓararwa ba. Kasali ya tare. Ya sake samu, Kasali ya sake tarewa. Alƙali ya busa tashi, ba wanda ya ci wani. Wannan shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a gasar kofin ƙasashen Afirka. Hannun da ya saki ƙwallo ranar Lahadi, shi ne ya kawo makin ranar Alhamis.

A wasa na uku Gana ta ci mu 3 da nema, aka dawo gida.

Bayan gasar Kasali ya samu aiki a can Afirka ta Kudu, a ƙungiyar Chippa United. Daga baya ya dawo Yamai, ya tsare ragar ƙungiyar Nijelek, ta kamfanin lantarki. Ya ci gaba da tsaya wa Mena har ya haura shekara 35. Wannan ba abin mamaki ba ne a sana'arsu. Ɗan gaba, gudu ne jarinsa, in ƙafa ta yi nauyi kasuwarsa ta watse. Mai tsaron gida kuwa da ido yake aiki, da sanin inda zai tsaya, da muryar da yake tsara na gabansa. Waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. Isam Al Hadari na Masar yana da shekara 45 ya shiga gasar kofin duniya ta 2018, har ya tare fenariti a wasansu da Saudiyya.

Jama'a, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.