Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Sanya 'Yan Firamare Cikin Auna Karatunsu

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya da damar da aka ba ni ta yin tsokaci a kan ilmin yaranmu na gida. Ƙungiyoyi irin tamu sun saba da ginin azuzuwa da sayen kujeru, kuma Allah Ya saka da alheri. To amma yaron da ke zaune a kan kujerar, ya san abin da ya iya da abin da ya rage masa?

Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin ilmin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yawan yara a makarantu ya ƙaru ƙwarai. Sai dai shiga aji daban, samun karatu daban. Gwajin karatun Hausa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu da uku da aka gwada ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba daga ɗan gajeren labari. Irin wannan yaro haka zai yi ta wucewa aji zuwa aji, ana ba shi katin sakamako mai ɗauke da lambobi, shi bai san inda ya makale ba, iyayensa ma ba su sani ba, sai ranar jarrabawar shiga sakandare asiri ya tonu.

Jama'a, maganin wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku tuna makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatunsa, ya maimaita, ya ji a ransa cewa ya zauna, sannan ya je gaban malam. Idan ya yi tuntuɓe a wata aya, ya san ayar, ya koma ya gyara. Ashe tun yana ƙarami an koya masa auna kansa kafin malam ya auna shi. Masana ilmin zamani ma nan suka dosa. A 1998 wasu malamai biyu na ƙasar Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, sun bi diddigin bincike kimanin 250, suka gano cewa awon da ake yi cikin darasi, wanda ɗalibi ke da hannu a ciki, yana ɗaga karatu sosai, musamman ga yara masu rauni.

To ta yaya za a aiwatar da wannan a firamarenmu?

Na farko, malam ya faɗa wa yara manufar darasi da harshen da suke ji, misali: yau za mu iya tara lambobi masu gida biyu. Wanda bai san inda za shi ba, ba zai san ko ya iso ba.

Na biyu, a ƙarshen darasi kowane yaro ya sa alama a gefen littafinsa: na gane, saura kaɗan, ko ban gane ba. Ko a aji mai cunkoso, malam zai iya ware masu neman taimako cikin ɗan lokaci.

Na uku, a rubuta amsar da ta dace a kan allo, yaro ya duba aikinsa da kansa, ya nemo kuskurensa, sannan ya yi musayar littafi da na kusa da shi.

Na huɗu, a ajiye wa kowane yaro rubutunsa na zangon farko, a nuna masa a zango na uku, ya faɗi da bakinsa abin da ya canza.

Wani zai ce ai yaro zai yi ƙarya, ya ce ya gane alhali bai gane ba. Haka ne, muddin faɗin gaskiya zai jawo masa bulala ko dariyar 'yan aji. Saboda haka sharaɗin farko shi ne a mayar da "ban gane ba" kalmar da ake yaba wa mai faɗinta, domin matambayi ba ya ɓata. Kuma wannan tsari bai soke jarrabawa ba, bai rage wa malam daraja ba. Hukunci na ƙarshe yana hannunsa, kamar yadda yake hannun malamin allo.

Mu da muke birni, me ya rage mana? Ina ba da shawarar ƙungiya ta ware wani kaso daga kuɗin ilmi na bana domin shirya wa malaman garinmu bita a lokacin hutu, tare da haɗin gwiwar shugabannin makarantu da sashen ilmi na ƙaramar hukuma. A kuma wadata yara da littattafan rubutu da fensir, domin wanda ba shi da littafi ba shi da abin dubawa. Sannan idan mun zo gida da salla, kada mu tsaya ga tambayar "na nawa ka zo?" Mu ce wa yaro: me ka iya yanzu wanda ba ka iya bara ba, kuma me ke ba ka wahala? Mu zauna mu saurari amsarsa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da basira, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.