Wa Ya Fara Gane Maigida?

 

A watan Janairu na 1851 wani baƙo ya sauka a nan Gazawa, ya fito daga Tasawa zai wuce Katsina. Sunan da yake ba mutane Abdulkarim. Wanda iyayensa suka raɗa masa kuwa Heinrich Barth, Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko. Da ya doshi Tambutu a 1853, har cewa ya yi shi sharifi ne mai kai wa Shehu Albakkayi littattafai, don ya tsira da ransa. Tafiya da sunan aro ba baƙon abu ba ce a wannan hanya tamu. Amma Barth a ƙasar wasu ya ɓad da kama. Wanda na zo in ba ku labarinsa yau, a ƙofar gidansa ya yi.

Odisi doguwar waƙa ce ta Girkawa, ana jingina ta ga Homa, ta kai shekara 2,700 a duniya. Kashi 24 ce, layukanta sun haura 12,000. Odisiyas sarkin tsibirin Itaka ya shekara 10 a yaƙin Turoyi, ya ƙara 10 yana gararamba a teku. Mutane sun fi riƙe dodanni da guguwar da ya ci karo da su, alhali rabin waƙar a gida ya faru, bayan ya sauka.

Ya tarar da manema 108 sun tare a gidansa, suna yanka dabbobinsa, suna matsa wa matarsa Fenelofi ta zaɓi miji, suna ƙulla yadda za su kashe ɗansa Telemakus. Atina, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawan wancan zamani, ta mayar da shi tsohon mabaraci: fata ta yamutse, gashi ya zube, ga tsumma, ga sanda. Tsumman nan kariya ce, amma ya zama ma'auni kuma. Mu muna cewa baƙonka annabinka; su ma sun ɗauka cewa baƙo da mabaraci a hannun babban abin bautarsu suke. To sai aka ga wa ke riƙe da wannan idan ya ɗauka maigida ba ya gani. Yumayos, bawa mai kiwon aladu, ya shimfiɗa wa tsohon buzu, ya yanka masa dabba, ya kwana yana ambaton ubangidansa da alheri, bai san shi ne a gabansa ba. Mai kiwon awaki ya haure shi da ƙafa a hanya. Babban manemin ya jefe shi da kujera.

Ku lura da wanda ya fara gane shi ba tare da an faɗa masa ba. Kare ne, sunansa Argos. Odisiyas ya rene shi kafin tafiya, yanzu ya tsufa, an yar da shi a kan juji a bakin ƙofa, ƙwari sun cika jikinsa. Ya ji muryar, ya kaɗa wutsiya, ya kwantar da kunnuwa, ya kasa tashi. Maigidan ya kau da kai ya share hawaye don kada a gani, ya wuce ciki. Nan karen ya mutu.

Ta biyu tsohuwa ce, Yurikiliya, wadda ta shayar da shi. An ce ta wanke wa baƙo ƙafa. Ta kawo daro, ta sirka ruwan, shi kuwa ya juya wa hasken wuta baya. Hannunta ya kai bisa gwiwarsa, ya taɓa tabon da aladen daji ya yi masa yana saurayi, ranar da ya je farauta gidan kakansa. Ta saki ƙafar, daron ya yi ƙara, ruwa ya malale. Ba ido ne ya gane shi ba, tafin hannu ne. Mu da muka taso cikin masu askar Katsinawa da ta Gobirawa mun san fata tana riƙe asalin mutum ko da riga ta canza.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne wajen Fenelofi. Ɗanta ma ya ce zuciyarta dutse ce. Mijinta ya ɗana bakan da ya gagari manema, ya ratsa gatura 12 da kibiya ɗaya, ya gama da maneman, ya yi wanka, ya sa tufafin sarauta, ya zauna gabanta. Ta yi shiru tana kallonsa. Ni ina ganin ita ce ta fi kowa gaskiya a gidan. Shekara 3 tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare don ta ja wa manema lokaci. Maƙaryata sun sha zuwa mata da labarin sun ga mijinta, don a ba su tukuici. A fiƙihunmu na Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, alƙali ya yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Wannan ta yi 20. Wadda ta biya irin wannan kuɗi ba za ta karɓi mutum don kamanni ba. Kama da wane ba ta wane.

Sai ta ce wa tsohuwa ta fito da gadon maigida waje ta shimfiɗa masa. Nan take Odisiyas ya hasala: wa ya ɗaga gadon? Shi ya sassaƙa shi da hannunsa, ƙafarsa ɗaya kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa, a kewayensa ya gina ɗakin. Ban da su biyu da baiwa ɗaya, ba wanda ya san wannan. Mutumin da ya yi ta gwada kowa, sai ga shi an gwada shi, fushinsa kuma shi ne shaidarsa.

A cikinku akwai waɗanda mazansu ko ƴaƴansu suka tafi biɗa Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya. Kun ga ranar komowa: mutum ya sauka a tasha ya rame, ɗan da ya bari a goye yana ɓoyewa bayan zanen uwarsa. Mukan tambayi matafiyi yadda ya sha hanya, kuma ya cancanta. Wadda ta noma gonar, ta ci bashin hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, ta toshe kunne daga maganar mutane, ba mu cika tambayarta komai ba. Homa ya ba irinta ikon yanke hukunci na ƙarshe.

Akwai wurin da waƙar ke ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. An rataye bayi mata 12 a kan sun bi manema. Baiwa a gidan da maza fiye da ɗari suka mamaye, wane zaɓi gare ta? Yumayos kansa ɗan sarki ne da aka sace yana yaro aka sayar. Duk mai karanta amanarsa ya karanta wannan tare da ita.

Saura uba. Layatis ya bar gari ya koma gona, yana sanye da riga mai faci, yana yi wa wata shuka kaftu. Shi ma ɗan ya yi masa ƙarya, har tsohon ya ɗebi ƙasa ya zuba a furfurarsa, sannan ya kasa daurewa ya faɗi gaskiya. Uban ya nemi shaida. Ya nuna tabon, sannan ya lissafa itatuwan da uban ya ba shi yana yaro, lokacin da yake bin sa a baya yana tambayar sunan kowanne: ɓaure 40, tuffa 10, layin inabi 50. Manoman Ɗan Saga da ke renon gawo da kalgo a gonakinsu, suna sanin kowane tushe da wanda ya bar shi, ba sa bukatar in yi musu bayanin wannan. Da tsohon ya ji lissafin, gwiwoyinsa suka saki, ya suma a ƙirjin ɗansa.